Ruwa, Lambu da Sarauta: Tarihin Noman Rani a Zango da Ƙasar Damagaram

Gabatarwa

 

Duk wanda aka haifa a Zango ya san ƙarancin ruwa tun kafin a kai shi makarantar allo. Ya san jerin tuluna da jarkoki a bakin pampo tun da asuba, ya san muryar mai garuwa cikin lunguna, ya kuma san yadda uwargida ke auna ruwan girki a watannin bazara kamar mai auna mai. Amma wannan mutum ɗin dai, idan ya shiga kasuwar Dole a lokacin sanyi, zai tarar da tumatir da albasa da kabeji da salati da tattasai da rake jibge, alhali an yi wata uku ko huɗu ba a ga ɗigon ruwan sama ba. Yadda garin da ba shi da kogi yake cin ɗanyen ganye da rani, labari ne mai tsawo, kuma a cikinsa akwai hannun sarakuna da na fatake da na gwamnatoci, sannan fiye da kowa akwai hannun masu lambu da suka koyi raba ruwa kaɗan a tsakaninsu ba tare da sun ɓata zumunci ba.

Gari a Kan Dutse

Masarautar Damagaram ta samo asali ne a farkon rabin ƙarni na 18, daga Malam Yunus da zuriyarsa, kuma a farkon ƙarni na 19 ne Sarki Sulaiman ya mayar da fadar Zinder. Wurin ya dace da tsaro, domin manyan duwatsu sun kewaye shi, ya kuma dace da ciniki, domin yana kan hanyar da ta haɗa Kano da Azbin, da wadda ta haɗa Borno da ƙasashen yamma. Sai dai dutsen da ya ba garin kariya shi ne kuma ya taƙaita masa ruwa. Ƙarƙashin Birni da Zango ƙaton falalen dutse ne wanda ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da kuma cikin yashin da ya kwanta a kwaruruwan da ke tsakanin duwatsu. Ruwan saman da ake samu kuwa a mafi yawan shekaru bai kai milimita 500 ba, kuma kusan duka yana sauka ne tsakanin watan Yuni da na Satumba.

Duk da haka, a zamanin da mutane ba su da yawa, ruwan nan na kwaruruwa ya wadatar. Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya iso Zinder a ƙarshen watan Disamba na 1852 ya zauna har ƙarshen Janairu na 1853, ya rubuta cewa duwatsun garin suna tara ruwa kusa da saman ƙasa, har ana noma taba da shi, kuma ya ga kurmin dabino nan da can. Ke nan noman rani a wannan ƙasa ya girmi zuwan Nasara da nisa.

Zango kuwa, kamar yadda sunansa ya nuna, masaukin ayari ne da ya kafu a wajen ganuwa. Nan Buzayen Azbin ke sauke gishirin Bilma da dabino, nan Larabawan Gadamas da Tarabulus ke da gidaje da wakilai, kuma nan ne attajirai irin su Malam Yaro suka yi suna a ƙarshen ƙarni na 19. Ayari kuwa da rani yake tafiya, kuma baƙo da raƙuminsa duka sai sun ci sun sha. Saboda haka tun farko Zango ya zama babbar kasuwar abin da lambuna ke fitarwa, kuma buƙatarsa ce ta sa mutanen kwaruruwan da ke kewaye suka ga amfanin tsayawa a bakin rijiya bayan an gama girbin hatsi.

Jigo, Gayya da Hukuncin Sarki

Ainihin ƙasar lambu tana kudu da gabas da birnin: Mirya, Gidimuni, Dogo, Durum, Waca, da dukan kwarin Korama wanda ya ratsa ƙasashen Matamaye da Magarya. A waɗannan wurare ruwa yana kusa, sau da yawa gaba biyu ko uku kawai za a haƙa a tarar da shi. Mai lambu yakan haƙa rijiya a fadama, ya kafa jigo a bakinta, wato doguwar sanda mai nauyi a gindi da guga a kai, ya riƙa ɗebo ruwa yana zubawa a magudana, ɗansa ko ƙanensa na buɗe fangali ɗaya bayan ɗaya da fartanya. Inda ruwan ya fi kusa, da ƙwarya ake kwarfa a watsa wa shuka. Da wannan dabara aka noma albasa da barkono da taba da rogo da dankali da rake shekara da shekaru.

Aikin nan bai taɓa zama na mutum ɗaya ba. Rijiyar da aka haƙa cikin yashi tana ruftawa kowace damina, sai an sake yashe ta, an ɗaure bakinta da itace. Shingen ƙaya da ke kare lambuna daga dabbobi, in mutum ɗaya ya yi sakaci da ɓangarensa, duk maƙwabta ne za su yi hasara. Don haka aka dogara ga gayya, aka kuma dogara ga mai gari da dattawa da Sarkin Noma wajen sanin ranar da za a fita aiki da kuma yadda za a bar wa makiyaya burtali zuwa bakin tabki. Abin da ya gagari mai gari yakan wuce gaban hakimi, daga nan zuwa fada ko gaban alƙali. Fiƙihun Malikiyya da alƙalan ƙasar ke bi bai bar maganar ruwa ba: ya karantar da cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta, kuma idan ruwa mai gudu ya yi ƙaranci, na sama yakan shayar da gonarsa gwargwadon buƙata sannan ya saki wa na ƙasa.

A cikin sarakunan Damagaram, wanda aka fi tunawa da shi a sha'anin ƙasa shi ne Sarki Tanimun ɗan Sulaiman, wanda ya yi mulkin kimanin shekara 30 ya rasu a 1884. An san shi da ginin ganuwa da ƙera igwa, amma manoma sun fi riƙe shi da dokar da ya kafa ta hana sare gawo, tare da hukunci mai tsanani ga wanda ya karya ta. Gawo itace ne da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Yana takin gona, yana ciyar da dabbobi da ƴaƴansa, yana kuma rage gudun iska da zaizayar ƙasa. Ƙasar da itatuwa suka riƙe ta fi shanye ruwan sama, kuma ruwan da ƙasa ta shanye shi ne wanda mai jigo ke ɗebowa da rani. Ta haka dokar da aka yi domin gonar tudu ta amfani lambun fadama.

Ƙishirwar da Ta Ɗauke Babban Birni

Sojojin Faransa sun shiga Zinder a ƙarshen watan Yuli na 1899, bayan yaƙin Tirmini, kuma a wannan shekara aka kashe Sarki Ahmadu Kuran Daga. A 1906 Nasara suka tuɓe Sarki Ahmadu ɗan Basa suka danƙa riƙon ƙasa ga Ballama, sai a 1923 aka mayar da sarauta gidanta da naɗin Sarki Barma Mustafa. A tsakanin waɗannan shekaru abubuwa biyu suka sauya rayuwar Zango. Na farko, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai cinikin hamada ya durƙushe, fatake suka juya fuska kudu, daga baya gyaɗa ta zama babbar hajar ƙasar. Na biyu, yunwar 1913 zuwa 1914, wadda tsofaffi ke kira Kakalaba, ta nuna wa kowa abin da ke faruwa in damina ta gaza kuma babu wani abin dogaro bayanta.

Tun 1911 Zinder ce hedikwatar mulkin Nasara a Nijar. Da sojoji da ma'aikata da baƙi suka ƙaru, sai rijiyoyin da suka ishi garin a zamanin Barth suka kasa. A ƙarshen 1926, zamanin Gwamna Jules Brévié, aka ɗauke hedikwatar aka mayar Yamai, a bakin kogin Kwara. Akwai dalilai na siyasa, ciki har da kusancin Damagaram da ƙasar da Ingilishi ke mulki, amma ƙarancin ruwan sha yana cikin manyan dalilan da aka kafa hujja da su. Kaɗan ne daga cikin garuruwan Afirka ta Yamma da rashin ruwa ya jawo wa hasara irin wannan.

Daga baya aka warware wani ɓangare na matsalar ta hanyar jawo ruwa da bututu daga nesa: daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza a arewa, sannan aka ƙara da na Ganaram. Ya kamata mai karatu ya lura da ma'anar wannan. Ruwan da ake sha a Zango da Birni da Sabon Gari, daga ƙarƙashin ƙasar manoma da makiyaya yake fitowa. Birnin da ƙidayar 2012 ta nuna yana da mutum sama da 300,000, ƙauyuka ne ke shayar da shi, su ne kuma ke kawo masa kayan miya.

Farin 1973 da na 1984

Bayan samun mulkin kai a 1960, hankalin gwamnati ya fi karkata ga gyaɗa da auduga, kuma manyan filayen ban ruwa da aka gina sun fi yawa a bakin Kwara da ƙasar Adar. Farin 1973 zuwa 1974 ya kashe dabbobi, ya karya noman gyaɗa, kuma Koramar da a shekarun wadata takan yi gudu ta koma jerin tabkuna da ke rabe da juna. A 1978 gwamnatin Janar Seyni Kountché ta kafa hukumar kula da filayen noman ban ruwa, wato ONAHA.

A watan Nuwamba na 1982 aka yi a nan Zinder wani babban taro na ƙasa kan yadda ya kamata a tafiyar da ayyukan raya karkara. Mahalarta sun yarda cewa manyan ayyukan da ake tsarawa daga ofis a sauke wa manoma ba su haifar da abin da aka zata ba, kuma daga wannan taro ne aka ɗauki hanyar miƙa ragamar filayen ban ruwa ga ƙungiyoyin manoman da ke nomansu, hukuma ta tsaya ga ba da shawara da kula da manyan gyare-gyare. Abin alfahari ne ga Damagaram cewa wannan shawara, wadda ta shafi manoman shinkafa na bakin Kwara da na Ƙonni da na Jiratawa ta ƙasar Maraɗi, a cikin garinta aka yanke ta.

Shekara biyu bayan haka sai ga farin 1984. Hatsi bai yi ba, ga kuma iyakar Najeriya a rufe. Gwamnati ta yi kira ga jama'a da su koma bakin tabkuna da fadamu su yi noman rani, aka raba iri da kayan aiki, aka haƙa rijiyoyin siminti, aka kewaye filaye na tarayya inda kowane gida ya sami ƴan fangaloli. Sarakuna da masu gari ne suka nemo filayen, ta hanyar roƙon masu su su ba da aro, ƙungiyoyin samariya da na mata kuma suka yi aikin. Mutane da dama da suka yi niyyar ƙaura sun zauna saboda waɗannan lambuna, kuma tun daga lokacin kabeji da salati da dankalin turawa suka zama abincin kowa.

Sai dai da damina ta gyaru, da yawa daga cikin filayen tarayyar nan sun watse. A wasu wurare mai fili ya karɓe abinsa da ya ga an haƙa masa rijiya; a wasu kuma wayar shinge ta lalace, ba a san wanda zai gyara ba. Waɗanda suka ɗore su ne inda aka yi maganar fili a gaban shaidu tun farko, kuma masu lambun suka riƙe asusun gyara da kansu. Dokar karkara ta 1993, da kwamitocin kula da filaye da ta haifar, waɗanda Mirya na cikin wuraren da aka fara gwada su, sun zo ne domin toshe irin wannan ɓaraka, kuma sarakunan gargajiya suna da kujera a cikinsu.

Daga Jigo Zuwa Inji

A ƙarshen shekarun 1990 aka yaɗa wani pampo da ake takawa da ƙafa, wanda aka raɗa wa suna Niyya da Ƙoƙari, maƙeran gida ke ƙera shi. Tare da shi aka koyi huda ƙasa da hannu a zura bututun roba, wanda ya fi rijiyar siminti araha nesa ba kusa ba. Daga nan ƙananan injunan ban ruwa masu shan fetur suka cika kasuwa, sannan daga baya masu aiki da hasken rana suka shigo. Shirin gwamnati na 2012 mai taken ƴan Nijar su ciyar da ƴan Nijar ya ba ƙaramin ban ruwa muhimmanci sosai.

A ɓangaren ruwan sama mai gudu kuwa, a shekarun 2000 aka gina madatsun ruwa, waɗanda jama'a ke kira baraji, a Kasama da Tumbala, da tallafin Bankin Raya Afirka. Tsarin aiki a filin da ke ƙarƙashin baraji iri ɗaya ne da na sauran filayen ƙasar: ana raba fili ƙanana-ƙanana ga magidanta, sau da yawa rubu'i ko rabin hekta, manoman da ke kan magudana ɗaya suna zama rukuni guda, kowane rukuni yana da ranarsa ta ban ruwa, bayan girbi kowa yana biyan kuɗin ruwa da na gyara, wanda ya ƙi biya kuma ana iya karɓe filinsa a ba wani.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ci gaba ya zo da nasa nauyi. Baraji yana cikewa da yashi da laka in ba a kare tudun da ke zuba masa ruwa ba, kuma rana da iska kaɗai suna shanye sama da mita 2 na buɗaɗɗen ruwa a shekara a wannan yanki. Inji kuwa, ko na ƙafa ko na fetur, ba ya iya zuƙo ruwan da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8. Mai jigo ƙarfin damtsensa ne ke yi masa iyaka, amma mai inji ba shi da iyaka sai ta kuɗin mai, mai hasken rana kuwa ko wannan ba shi da ita. Idan injuna suka yi yawa a kwari ɗaya, ruwan yakan ja da baya, sai mai hali ya haƙa rami ya saukar da injinsa ko ya sayi mai nutsewa, talaka kuma rijiyarsa ta ƙafe tun kafin albasarsa ta nuna. A nan ne karin maganar nan ke tabbata, ta rijiya ta bayar guga ya hana. Ƙari a kan haka, a wasu kwaruruwan kanwa tana tasowa ta ɓata ƙasa, a wasu kuma, musamman ta gabas, tudun rairayi ne ke gangarowa yana binne lambuna.

Akwai kuma abin farin ciki. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Mirya da Matamaye da Magarya suka koma barin gawo da sauran itatuwa su tsiro a gonakinsu, suna yi musu sassabe na gyara maimakon tumɓukewa, har masana daga ƙasashen duniya suka riƙa zuwa ganin abin da idonsu. Abin da Sarki Tanimun ya tsare da takobi, jikokin talakawansa sun dawo da shi da yardar kansu.

Kammalawa

Wanda ya bi wannan tarihi daga jigo zuwa hasken rana zai ga cewa kayan aiki sun sauya sau da yawa, amma sharuɗɗan ɗorewar lambu ba su sauya ba: a san mai fili, a san ranar kowa ta ban ruwa, a san wanda ke riƙe kuɗin gyara, a bar wa dabba hanyar zuwa mashaya, a kuma sami babba wanda in ya yanke magana kowa zai yarda. Huɗun farko aikin masu lambu ne da ƙungiyoyinsu. Na biyar kuwa shi ne gadon sarauta, daga mai unguwa da mai gari har zuwa fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. Sabon aikin da zamani ya ɗora wa wannan gado shi ne sasanta masu injuna a kan ruwan da ba a gani da ido, tun kafin rijiyoyi su fara ƙafewa, domin sulhun da aka yi ana da ruwa ya fi wanda za a nema bayan ya ƙare sauƙi.

Su ma attajiran Zango da ƴan bokonsa suna da nasu kaso. Kakanninsu sun yi arziki ne da ayarin da lambunan karkara suka ciyar, su kuma yau suna shan ruwan da aka jawo daga ƙarƙashin gonakin mutanen ƙauye. Hausawa na cewa da ruwan ciki akan ja na rijiya. Dillalin da ya biya mai albasa farashin gaskiya, da attajirin da ya taimaki wata ƙungiyar mata ta kewaye lambunta ko ta gina rumbun ajiya, da ma'aikacin da ya tsaya aka rubuta wa manoma takardar filinsu, duk suna biyan wani ɓangare ne na tsohon bashi.

Allah ya jiƙan sarakunan da suka gabata da malamai da fatake da manoman da suka raya wannan ƙasa. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara masa lafiya da adalci, ya ba Zango da ɗaukacin ƙasar Damagaram damina mai albarka da rani mai amfani. Amin.